Awa Biyar ko Awa Biyu: Nawa Ya Kamata Ƙaramin Yaro Ya Zauna Karatu a Gida?

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, gidajen Hausawa da yawa a Sudan suka koma makaranta ba shiri. A watan Oktoba na wannan shekara UNICEF da Save the Children suka ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, makarantu fiye da 10,000 kuma suna rufe a yankunan da ake gwabzawa. A garuruwa irin su Gadarif da Kasala azuzuwa sun zama masaukin waɗanda suka gudo daga Khartum, daga baya kuma daga Wad Madani da Sinja. An sake buɗe makarantu a jihohi da dama, amma akwai yaron da bai samu gurbi ba, akwai wanda makarantar ta yi wa nisa, akwai wanda ya koma aji da giɓin shekara biyu a kansa. Duk waɗannan a hannun iyaye suke. Na koyar a ƙananan azuzuwa kafin yaƙi, shi ya sa mata ke tare ni da tambaya, kuma wadda aka fi yi ita ce ta lokaci: awa nawa zan zaunar da shi a rana?

Abin da nake gani a gidaje ya kasu. Akwai masu kwaikwayon makaranta sak, daga ƙarfe 7:30 na safe har azahar. Akwai masu gajeren zama, awa ɗaya zuwa biyu, a rarrabe cikin yini. Akwai masu cewa halwa, wato makarantar allo, ta wadatar, sai dai a ɗan taɓa masa lissafi idan an samu sarari. Ni ina tare da na tsakiya, zan kuma faɗi dalilina, amma sauran ma kowa da abin da ya hango.

A fara da dogon zama, don shi ne yake fara zuwa wa uwa a rai. Zuciyarta tana ce mata makaranta awa biyar take riƙe shi, in na yi ƙasa da haka na cuce shi. Tsarin yana da amfani na gaske. Yaro yana tashi ya san abin da ke jiransa, ya wanke ido, ya sa riga, ya zauna. Ga wanda aka tsero da shi cikin dare a bayan babbar mota, yinin da aka san farkonsa da ƙarshensa yana kwantar da hankali. Yana raba shi da yawon titi. Yana ba da damar a bi littattafan manhaja gaba ɗaya, Larabci da lissafi da addini da kimiyya, shafi bayan shafi. Uba ma in ya dawo daga kasuwa ko gona ya ga littafi cike da rubutu, ransa ya yi fari.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen lissafin awannin. Awa biyar ɗin makaranta ba duka ba ne karatu. A cire tabur na safe da yara ke jeruwa a fili. A cire hutun fatur, wato na karin kumallo. A cire kiran suna, da jiran malami ya fito daga wani aji, da share allo, da raba rigimar fensir, da zaman da masu saurin rubutu ke yi suna jiran masu nawa. Sannan a duba abin da ya rage: aji mai yara 60, darasi na minti 40. Ko da malama ta ƙarar da darasin wajen sauraron yara ɗaya bayan ɗaya, babu wanda zai samu cikakken minti guda. Na tsaya gaban irin wannan aji, na kuma san akwai yaron da zai yi mako bai karanta mini layi ɗaya ba. A gida kuwa, minti 20 da uwa ta zauna da ɗanta duka nasa ne. Shi ke karantawa, shi ke amsawa, kuskurensa ake gyarawa nan take, babu bayan wani da zai laɓe. Shi ya sa karatun gida yake da sauri, shi ya sa kuma yake gajiyarwa. Awa biyar a haka ta ninka aikin makaranta sau da yawa, a wuyan ɗan shekara 6.

Mai lura zai ga inda ƙarfin yaro ke ƙarewa. Da farko yana zaune daram, yatsa a kan layi. Can sai ƙafa ta fara lilo. Sai ya kama tauna gindin fensir, ya nemi ruwa, ya ce fitsari, ya sake neman ruwa. Harafin ba da ya gane da safe yanzu ya kira shi nun, don idonsa ya daina duba ko ɗigon a sama yake ko a ƙasa. Daga nan duk abin da aka ƙara, zuba ruwa ne a gorar da ta riga ta cika. Abin da yakan biyo baya tsawa ce, sai bulala, sai kuka, gobe kuma da ya ga an shimfiɗa tabarmar karatu cikinsa ya fara ciwo. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan rashin karatun wata shida, domin yaron da ya tsani littafi tun yana ƙarami ana shan wuya kafin a dawo da shi.

Ita uwar fa? Ga ɗiban ruwa, ga yin kisra, ga goyo a baya, ga neman gawayi, wata ma ita ke fita sana'a. Tsarin da yake neman ta zauna daga safe har azahar ba ya daɗewa. Yakan fara da ƙarfi, sai a tsallake rana, sai biyu, sai ta ji ta gaza ta watsar da abin gaba ɗaya.

Gajeren zama yana da masu goyon baya tun da daɗewa. Wata malama a Ingila, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, ta tsara wa masu karantar da 'ya'yansu a gida jadawali: 'yan shekara 6 zuwa 9 awa biyu da rabi da safe, darasi ɗaya ba ya wuce minti 20, da rana kuma a sake su waje. Lokacin annobar korona a 2020, da aka rufe makarantu, hukumar ilimi ta jihar Ilinoyi a Amurka ta fitar da ma'aunin karatu daga gida: 'yan rauda, wato ajin share fage, masu shekara 5 minti 30 zuwa 90 a rana, 'yan aji ɗaya da biyu minti 45 zuwa 90, 'yan aji uku zuwa biyar awa ɗaya zuwa biyu. Ta kuma ce ɗan aji ɗaya ko biyu hankalinsa yakan tsaya kan abu guda na minti 5 zuwa 10 ne. Mu ma a nan an gwada wani abu kafin yaƙi. Ƙungiyar War Child ta Holan, tare da ma'aikatar ilimi da Jami'ar Ahfad da ke Omdurman, sun kai wa yaran ƙauyukan da ba su da makaranta, har da na jihar Gadarif, ƙananan kwamfutocin hannu masu wasan lissafi da aka gina kan manhajar Sudan. Zaman bai wuce awa ɗaya a rana ba, yaran kuma sun koyi lissafin. Tsawon zaman nake so a duba a nan, don na'urar ba kowa ke da ita ba.

Ga yadda abin yake ga ɗan shekara 7. Da safe bayan shayi, kafin rana ta ɗaga, minti 20 na karatun Larabci da murya a sarari. A sake shi ya zagaya tsakar gida, ya sha ruwa, ya dubo akuya. Ya dawo, minti 20 na lissafi. Sai minti 10 ko 15 na rubutu, ko kwafa ko shifta. An gama na safe. Bayan la'asar minti 20 na allo da hadda. Da dare a kan gado a yi masa tatsuniya ko a karanta masa labari, wannan kuma ba ma a sa shi cikin lissafi. Duka-duka awa ɗaya da minti goma ce zuwa awa ɗaya da kwata.

Lissafin nan da hannu ake yin sa kafin a kai shi takarda. A ɓalle tsinkayen tsintsiya, a ƙirga goma a ɗaure da zare, a yi ƙulli huɗu, a ajiye tsinke biyu a gefe: 42 ke nan. A ce ya cire 7. Zai duba biyun nan ya ga ba su isa ba, ya yi shiru, sannan da kansa ya miƙa hannu ya kwance ƙulli ɗaya. Yaron da ya kwance ƙullin nan da yatsunsa ya gane abin da ake kira aro, kuma bai ci minti goma ba. Wanda aka cika wa shafi uku da lambobi bai gane ba zai yi ta kwafa har azahar.

Akwai wani nauyi a kan 'ya'yanmu da ya kamata a sa a ma'auni. Daga Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, har unguwanninmu na Gadarif da Kasala da Damazin, akwai gidajen da Hausa ce yaren tsakar gida. A titi yaro yana jin Larabcin kasuwa, a littafi kuma fusha ce, wato daidaitaccen Larabci. Harshe uku ke nan a kan yaro ɗaya. Irin wannan yaro zai iya haɗa baƙi ya karanta layi tsaf bai san me ya faɗa ba. Ƙarin awanni ba ya gyara wannan. Abin da ke gyara shi, in ya karanta layi uku a rufe littafin a ce: faɗa mini da Hausa, me ya faru? In ya kasa, a fassara masa kalmomin, a sake. Aiki ne mai cin ƙwaƙwalwa, minti 20 sun ishe shi, amma sai an yi shi kullum.

To, gajeren zama ma yana da nasa laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Ba ya yafe rashin shiri. Wadda take da awa biyar za ta iya ɓata rabin awa tana neman shafi, mai minti 20 kuwa dole tun dare ta san abin da za ta koyar gobe. Ba ya kuma ɗaukar duk littattafan manhaja. Sai an zaɓa, zaɓin kuwa karatu ne da rubutu da lissafi, sauran a bar su ga hira da tambayoyin yaro. Sannan ga sauran yini a buɗe, in ba a cika shi da aike da taya aiki da wasa da 'yan'uwa ba, waya ko titi za su cika shi. Ga kuma bakin manya. Wata maƙwabciyata da ta gudo daga Madani ta same ni ranta a ɓace.

"Malama, babansu cewa yake wasa muke yi. Wai wane irin karatu ne ake tashi tun shayi bai huce ba."

Na ce, "Yaya, kada ki yi musu da shi. Ranar Juma'a in ya dawo masallaci ki ba shi littafin, ya buɗe shafin da yaron bai taɓa gani ba, ya sa shi ya karanta. Bayan wata ɗaya ya sake. In bai ji bambanci ba, ki ƙara lokacin."

Haka nake ganin ya kamata a raba gardamar a kowane gida, da abin da yaro ya iya yau wanda bai iya ba watan jiya.

Akwai wani abu da yake kama da gajeren zama amma ba shi ba ne, wato karatun in an samu sarari: yau awa uku don uwa ta huta da wanki, sai kuma mako mai zuwa. Cikin duk hanyoyin wannan ce ta fi rauni. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna yadda abin da aka haddace yake zubewa da sauri a farko, ya kuma nuna cewa maimaici a rarrabe cikin kwanaki ya fi maimaici a zama ɗaya. Duk wanda ya yi tilawa ya san wannan ba sai an auna masa ba. Hadisin Nana A'isha da Buhari da Muslim suka ruwaito ma ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Rabin awa kullum, kwana biyar a mako, ya fi awa uku sau ɗaya nesa ba kusa ba.

Sai halwa. Ba na cikin masu raina ta. Ƙasar da take da Umm Dawwan Ban da Hamishkoreb, garuruwan da suka shahara da karatun Alƙur'ani, ba ta buƙatar a koya mata darajar allo, mu kuma Hausawa da allonmu muka zo. Halwa tana ba yaro babbaƙu da farfaru, tana ba shi hadda, tana koya masa zama gaban faki, wato malamin allo, da ladabi, a lokacin yaƙin nan kuma wurare da yawa ita ce ta ci gaba da aiki bayan makarantu sun rufe. In aka duba tsarinta ma, a rarrabe yake: zama da asuba, zama da hantsi, zama da la'asar, zama da dare, ga hutun Alhamis da Juma'a kamar yadda muka gada. Malamanmu na dā sun san yaro ba ya ɗaukar karatu a dunƙule. Abdullahi ɗan Mas'udu ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum ya ce yana gudun gundurar da su, kamar yadda Annabi (SAW) yake zaɓar musu lokaci. Manya ke nan, balle yara. Imamu Gazali ma ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da tsananta masa karatu yana kashe masa zuciya.

Amma halwa kaɗai ba ta kai yaro aji uku. Ba ta koyar da tarawa da ɗebewa da jadawalin sau. Karatunta da wasali ne cikakke, littattafan makaranta kuwa suna rage wasali in an yi gaba, har a wayi gari yaro sai ya san kalmar kafin ya iya furta ta. Ba ta kuma tambayarsa ma'anar labari. Don haka yaron da yake zuwa halwa safe da yamma, abin da yake nema a gida minti 45 ne zuwa awa ɗaya, rabi lissafi, rabi karatun labari. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a manta da awannin halwa wajen lissafi, yaro ya yi awa uku gaban faki, ya dawo a ɗora masa wasu ukun. Zama zama ne, a tabarmar faki ko a ta uwa, a haɗa su a ƙirga.

Game da shekaru, ga abin da nake ba da shawara. Ƙasa da shekara 5 ba a zaunar da shi, a bar shi da hira da waƙa da ƙirga tumaki da ƙananan surori a baki. Ɗan 5 zuwa 6, rabin awa zuwa awa ɗaya, a gutsuttsura minti goma-goma. Ɗan 7 zuwa 8, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ɗan 9 zuwa 10, awa biyu, har biyu da rabi in akwai abin da zai yi shi kaɗai, kamar karanta labari ko warware lissafi ba tare da an tsaya a kansa ba. A bar wa barci haƙƙinsa: likitocin barci na Amurka sun ce ɗan 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce daga shekara 5 yaro ya samu aƙalla minti 60 na guje-guje a rana, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada kallon waya ko talabijin ya wuce masa awa ɗaya.

Wanda ya fi ba iyaye tsoro shi ne mai giɓi, ɗan shekara 9 da yaƙi ya same shi a aji ɗaya. Abin da zuciya ke faɗa shi ne a ninka masa awanni, a ɗauko littafin aji uku a danna masa don ya kamo tsararsa. Hakan ba ya aiki, domin littafin aji uku an rubuta shi ne ga wanda ya iya karatu. Ƙungiyar Pratham a Indiya ta fito da wata hanya da yanzu ake bi har a Borno da Kano: a gwada yaro tukuna a ga inda ya tsaya, haruffa yake ganewa, ko kalma, ko gajeren sakin layi, ko cikakken labari, sannan a fara daga nan, awa ɗaya ko biyu a rana, ba tare da duba shekarunsa ba. Uwa za ta iya wannan gwajin da takarda ɗaya. In ya tsaya a kalma, a kalma za a fara, ko da ƙanensa ma can yake. Babban yaro yana saurin ɗauka, sai dai a kiyaye kunyata shi gaban ƙanne, a ba shi nasa zaman daban.

Yawan yara yana canza lissafin. Awar yaro daban, awar uwa daban: mai 'ya'ya uku da kowanne ke neman awa ɗaya da rabi, ita kusan awa uku za ta zauna, ko da ta haɗa su a allo da labari ta raba su a lissafi. In kuma gida huɗu ko biyar suka yi haɗaka, suka tara yara takwas ko goma a rumfa ɗaya ƙarƙashin wata malama ko ɗalibar jami'a da yaƙi ya zaunar a gida, to jiran layi ya dawo, lokaci kuma dole ya ƙaru. Irin wannan aji awa biyu da rabi zuwa uku ya dace da shi, da hutu a tsakiya. Ina son haɗakar nan ƙwarai, domin tana sauke wa uwa nauyi, tana kuma ba yaro abokai, abin da gudun hijira ya raba da yawa da shi.

Yanayi ma yana da ta cewa. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, duk karatun da ba a gama kafin ƙarfe 10 ba an yi asararsa. Da kaka, in an shiga yankan riɗi da dawa gida ya watse zuwa gona, a rage zuwa rabin awa amma kada a yanke. Haka ma da azumi.

Dogon zama yana da lokacinsa guda da ba na jayayya da shi. In an samu gurbi an san ranar da yaro zai koma aji, wata ɗaya ko biyu kafin nan a fara miƙa zaman: daga minti 20 zuwa 30, sannan 40, daidai da darasin makaranta. A riƙa farawa a lokacin da ake tabur. A samo guntun katako ko bayan tire a rubuta masa ya kwafa daga nesa, don kwafa daga allon bango wata fasaha ce daban da yaron gida bai saba da ita ba. A koya masa riƙe tambayarsa har a gama magana, da ci gaba da aiki ko ba wanda ke kallonsa, domin a aji mai yara 60 babu wanda zai zauna kusa da shi yana bin layi da yatsa.